Tuwon Ranar Awo

Duk wanda ya saba sayen nama a shagon halal ɗin nan na kusa da tashar Dagenham Heathway ya san Zailani, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon nan mai karkataccen hanci da ke tsaye can ciki wajen gungumen sara, ba ya magana sai an yi masa. Ɗan mahauta ne daga Gusau, fawa gadonsa ce tun kaka da kakanni. Shekarunsa talatin da takwas, ya kusa cinye rabinsu a Landan. In ka tambaye shi me ya tara, sai ya nuna maka flat ɗin council, wato gidan hayar hukuma, mai ɗaki biyu, da matarsa Karimatu, da 'yarsu Ummi, da gwiwar hagu da ke gaya masa za a yi ruwa tun kafin masu hasashen yanayi su buɗe baki.

Abin da masu sayen nama ba su sani ba shi ne inda yake nufa idan an ja ƙofar shago. Ba gida ba. Tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, yake shiga da jakarsa a kafaɗa, ya sauka Stratford, ya bi wani lungu zuwa ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. A nan akwai wani gym da ake koyar da Muay Thai, damben mutanen Thailand. Nasu damben ba irin namu ba ne na ɗaure hannu ɗaya. Naushi biyu, gwiwar hannu biyu, gwiwar ƙafa biyu, ƙwauri biyu, wato duk abin da Allah Ya ba ka mai tsini ko mai tauri, an yarda ka maka wa ɗan'uwanka. Wannan sana'ar ta biyu Zailani ya shekara goma sha huɗu yana yi, kuma a gida Gusau babu wanda ya sani.

Dalilin ɓoyewar yana da suna, Gwaggo Katumi. Ƙanwar mahaifinsu ce, ita ta ɗauke su shi da yayansa Maje bayan rasuwar uwarsu, lokacin Zailani ko yaye bai kai ba. Maje ya tashi ɗan dambe na ji da gani, irin wanda makaɗa ke canza kiɗa in ya shigo fage. Wata kaka, a wani ƙauye, wani bahago ya same shi a gefen kai. Ya faɗi, ya tashi, amma wanda ya tashin ba Maje ba ne. Sauran rayuwarsa a tabarmar zaure ya yi ta, yawu na zuba, ba ya iya kai loma bakinsa sai an ba shi. Ranar da aka dawo da shi gida Gwaggo ta kwaso zaren ɗaure hannu duk na gidan ta cusa a murhu. Ta kira Zailani, lokacin yana tashen samartaka har ya fara leƙa fage, ta ce ya yi mata alkawari ba zai ƙara ɗaure hannu ya daki ɗan wani ba, ko ya tsaya ɗan wani ya dake shi. Ya yi mata, yana kuka ma.

Landan kuwa gashin tsire ya kawo shi. Wani mutumin Zamfara ne ya buɗe gidan abinci ya ɗauko shi, gidan abincin ya mutu, shi bai koma ba. Wata yamma yana wucewa ta ƙarƙashin gadar nan sai ya ji busa kamar ta algaita, da kiɗa mai kama da kalangu yana fitowa ta wata ƙofar ƙarfe. Ashe su ma ba sa dambe sai da kiɗa. Ya leƙa don ya gani kawai. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kafin mako ya zagayo yana ciki ba riga. Ya gaya wa kansa cewa shi alkawarin dambe ya yi, wannan kuwa wasan motsa jiki ne na wata ƙasa, safar hannu ma ake sawa. Ɗan Adam dai in yana son abu ba ya rasa fatawa. Sai dai ranar da aka fara naɗe masa hannu da bandeji kafin a zura safar, kau da kai ya yi bai kalla ba.

Mai gym ɗin sunansa Rahim, ɗan asalin Bangaladash ne haihuwar gabashin Landan, ya yi zaman shekaru a Thailand yana cin duka har ya koyo. Kru suke kiransa, wato malam da yaren can. A lokacin da Zailani ya fara, su ba su fi goma ba, direbobin tasi da masu gadi da leburorin gini, ga rufi na yoyo, ga warin man zafi da ke shaƙe mutum tun daga ƙofa. Yanzu kuwa kai dai bari. Kowace unguwa da nata gym. Ma'aikatan banki suna zuwa da hutun rana su daki buhu su yi wanka su koma ofis. Mata suna da nasu aji. 'Yan Maroko, 'yan Poland, 'yan Brazil, kowa ya iya, kuma wasan da aka yi a Bangkok, babban birnin Thailand, da rana kafin ka gama alwala ya iso wayarka. Yaran da aka haifa bayan Zailani ya fara aske gemu sun je can sun yi horo sun dawo, suna magana a kan abincin da ya dace da barcin da ya dace. Wasan ya girma ya bar shi a inda ya same shi, tsakanin gungumen sara da buhun duka.

Kuma ya gaji, gaskiya ke nan. Gudu bayan sallar asuba cikin sanyin da ke yanka kunne. Tsayuwar shago wuni guda. Da yamma tsallen igiya, dukan buhu har ƙwauri ya mutu, sannan Kru Rahim ya ɗaura pad, matasan fatar nan da koci ke tarewa da su, ya ce a kawo gwiwa, a kawo shuri, a ƙara. A ƙarshe riƙon wuya, ku cakumi juna kai da wani ƙato kuna murɗa har numfashi ya ƙare. Ya yi wasa ya fi talatin, ya ci wasu, an cinye shi a wasu, bai taɓa riƙe kambu ba. Karimatu, wadda ke aikin jinya a gidan tsofaffi, ita ke gasa masa jiki da ruwan zafi, kuma tun tana faɗa har ta koma tambaya ɗaya.

"Abban Ummi, har yaushe?"

"Saura kaɗan," yake cewa, kuma shekara biyar ke nan ana wannan saura kaɗan.

To, a bana sai ga kaɗan ɗin ya zo da gaske. Wani mai shirya wasa ya sa kambu a ajin masu kilo sittin da bakwai, ya ce wanda ya ci za a kai shi Bangkok ya yi wasa a can. Wanda aka tsara da farko ya karye a hannu, Kru Rahim ya cusa sunan Zailani. Bai ɓoye masa komai ba. Ya ce wannan ita ce ta ƙarshe, in ta wuce babu mai ƙara kiran ɗan shekara talatin da takwas. Zailani bai taɓa gaya wa kowa ba, amma abin da yake so a duniya ke nan: sau ɗaya tak ya tsaya a fagen masu abin, ya ji busar nan daga bakin masu ita, don shekarun nan goma sha huɗu su zama an yi su don wani abu.

Matsala ɗaya ce, nauyi. A wannan wasa ba a haɗa ka da kowa sai an ɗora ku a sikeli ana gobe wasa, kuma in ka ɗara abin da aka yanka ko da kaɗan ne, ka fita. Zailani kuwa a zaman lafiyarsa kilo saba'in da biyar yake. Haka ya shiga makonnin yunwa. Ba tuwo, ba shinkafa, ba gishiri, sai ganye da farin ƙwai da dafaffen ƙirjin kaza wanda ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta ci. Ka tuna fa mutumin nan mahauci ne, wuni yake yi hannunsa cikin kitse da tsoka. Kumatunsa suka zurma, idanunsa suka faɗa, har Ummi ta tambayi uwarta da Turancinta ko Abba ba shi da lafiya ne. A kwanakin ƙarshe ruwa ma sai ya koma kurɓa. Ranar Juma'a da yamma za a yi awo, Asabar a yi wasa.

A cikin wannan makon ne Gwaggo Katumi ta sauka a Landan.

Ta daɗe tana zaune gidan wata mai hali, Hajiya Fatimah, Gwaggon ce ta yi renon 'ya'yan gidan kaf. Hajiya ta zo ganin likita na 'yan kwanaki, ta taho da ita don ta riƙa kama mata. Sun sauka a flat ɗin Afrah, autar Hajiya, da ke karatu a Bloomsbury. Shekara tara rabon Zailani da ganin Gwaggo. Yana ɗokin ganinta har cikin ƙashinsa, yana kuma tsoron idonta, don haka ya yi ta kwana-kwana a waya, yau aiki, gobe an yi cancel ɗin jirgi. Ranar Alhamis ta datse masa hanya.

"Gobe da daddare za mu tashi. In ka sauko daga Juma'a ka biyo, ina jiranka."

Da safiyar Juma'a ya hau sikelin ban ɗakinsu, ya ga sittin da bakwai ba ɗigo. Karimatu ta dube shi ta ce ya gaya wa Gwaggo gaskiya kawai, ai ita ma mutum ce. Ya ce gaisuwa kawai zai yi ya fito. Ta ce, "Allah Ya sa," irin faɗar wadda ta san ba haka za a yi ba.

Tun daga matakala ya ji ƙanshin daddawa. Afrah ce ta buɗe ƙofa. Ta gaishe shi tana sunkuyar da kai, ta ce tana da lacca, ta zame ta fice. A bayan ƙofar ya ga safar dambe ruwan hoda a rataye, irin ta masu ajin motsa jiki. Ya ƙura mata ido, amma ya ce a ransa yara nawa ne ke wannan abu yanzu a garin nan, ina ita ina sanin wani mahauci a Dagenham. Ya durƙusa ya gai da Hajiya Fatimah, ta amsa da fara'a, ta ja ƙafarta ta shige ɗaki ta bar su.

Gwaggo ta tsufa. Ta ƙanƙance, bayanta ya ranƙwafa, hannunta na ɗan rawa. Amma idon yana nan. Ta kama fuskarsa da hannu biyu ta juya ta dama ta juya ta hagu, ta shafa karkataccen hancin, ba ta ce komai a kansa ba.

"Zailani, kai ne wannan? Ina sauranka?"

"Aiki ne, Gwaggo, da sanyin ƙasar."

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Mahauci da rama, a ina aka taɓa yi? Ko Karimatun ce ba ta iya ɗora tukunya ba?"

"Wallahi tana ƙoƙari, Gwaggo."

"To zauna mu gani."

Ta shimfiɗa leda a kan kafet. Ta kawo tuwon dawa malmala biyu, ta kawo miyar kuka tana tururi, da ƙashi mai ɓargo a ciki, ta kawo man shanu a 'yar kwalba, ta kawo jug ɗin kunun tsamiya. Garin da kukar da daddawar duk a jakarta ta ƙullo su tun daga Gusau. Ta ce tun hantsi take fama da wannan murhun nasu mara harshen wuta, ga shi babu muciya a gidan sai da ta yi da wani cokalin katako.

Zailani ya haɗiyi abin da ya rage masa na yawu, ya ce yana azumi.

"Jiya ka yi?"

"A'a."

"Gobe za ka yi?"

Ya girgiza kai.

"To wane malamin ne ya ba ka azumin Juma'a ita kaɗai? Wanke hannunka."

Da Kru Rahim ne, ko ɗaya daga yaran gym ɗin, da sai ya ce ya gode ba zai ci ba, a wuce wurin, babu wanda zai ji komai. Amma duk wanda aka rena a gidan Bahaushe ya san ba a haka. Matar da ta tauna ta ba ka a baki, ta tsallako teku da garin dawa a jaka, ta tuƙa da hannunta mai rawa, ta ajiye a gabanka, ka ce ba ka ci? Da wane bakin? In kuwa zai ƙi, sai ya faɗi dalili, dalilin kuma shi ne ya shekara goma sha huɗu yana taka alkawarin da ya yi mata a kan Maje. Gaba kura, baya sayaki. Ya ce a ransa loma ɗaya don albarka ba za ta motsa sikeli ba.

Ta zauna a gabansa ta miƙe ƙafa tana kallo.

"Wannan lomar ta wa ce, ta kaza? Ko ka fara ƙyamar hannuna ne?"

"Haba Gwaggo."

"To ci. Wa ya san ko zan ƙara tuƙa maka."

Ya ƙara. Ta zuba man shanu. Ya ƙara. Ta tura masa ƙashin ta ce ya fasa, ta cika masa kofi ta ce ya kora kada ya shaƙe. Kuma a faɗi gaskiya, daga loma ta uku ba biyayya ba ce kuma, yunwa ce. Jikin da aka hana gishiri da hatsi makonni ya karɓi abinsa bai nemi shawarar mai shi ba. Ɗanɗanon ya mai da shi tsakar gidansu, har ya ji kamar in ya waiwaya zai ga Maje a zaure. Yana ci hawaye na taruwar masa, Gwaggo ta ɗauka yaji ne, ko ta nuna kamar haka ta ɗauka. Bai farga ba sai da yatsunsa suka taɓa ƙasan kwano.

Da zai tafi ta juye ragowar a kula ta sa masa a leda. Ta dafa kansa ta yi ta sa masa albarka, ta ce Allah Ya tsare shi daga sharrin ƙarfe da sharrin hannu. Ya ce amin. A tube daga Holborn zuwa Stratford tsaye ya yi, kular na rataye a yatsansa, cikinsa ya yi dam, zuciyarsa kuma ta fi cikin nauyi.

A wani zauren otal ake awon. An kafa tutocin ƙasashe, samari sun cika wuri da jarfa a jiki, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Abokin karawarsa yaro ne ɗan ashirin da 'yan kai daga Leeds, ya hau ya sauka lafiya, ya koma gefe yana shan ruwa. Aka kira Zailani. Ya tuɓe ya rage gajeren wando, ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Lambar ta yi rawa ta tsaya, sittin da takwas da ɗigo huɗu. Mai awon ya ce an ba shi awa ɗaya ya sauke.

Kru Rahim ya ja shi lungu. "Da safe ka turo mini sittin da bakwai. Me ka ci?"

"Tuwo."

Rahim bai san tuwo ba, bai kuma tsaya tambaya ba. Ya ce tunda bai daɗe da ci ba abin yana nan bai narke ba. Ya shiga ban ɗaki ya sa yatsa ya fitar da shi duka, sauran kuma a matse da tsallen igiya cikin rigar leda. Ya ce an sha yi, kuma zai isa.

Zailani ya shiga ya kulle ƙofa. Ya durƙusa a gaban masai, gwiwar hagun tana ƙara. Ya san Rahim gaskiya ya faɗa, zai isa. Bangkok tana nan tsakanin yatsansa da maƙogwaronsa. Ya ɗago hannun, sai ya ji ƙanshin daddawa bai bar yatsun ba duk da sabulun da ya sa. Sai ya ga hannun Gwaggo, ba na yau mai rawa ba, na da, tana gutsuro tuwo tana mulmulawa ƙanana tana sa wa Maje a baki, tana share masa haɓa da gefen zaninta, safe da yamma, shekara da shekaru. Wannan tuwon ne aka ce ya zubar a masan otal ya ja ruwa.

Ya daɗe a durƙushe. Ya kai yatsan har leɓe, ya mayar. Ya sake kaiwa, ya sake mayarwa. Daga baya ya miƙe, ya wanke fuska, ya fito.

Sauran lokacin ya yi shi yana tsallen igiya a bayan otal cikin rigar leda, don kada a ce bai yi komai ba. Amma jikin da ya riga ya bushe me zai bayar? Da ya koma sikeli rabin kilo kawai ya sauka. Mutanen yaron Leeds suka ce ba su yarda ba, kuma suna da gaskiyarsu. Nan take aka kira wani da ke jiran ko-ta-kwana, ya hau ya sauka, aka ɗauke su hoto su biyu sun haɗa goshi.

Kru Rahim bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya dube shi kawai, ya tambaya ko ya yi abin da ya ce. Zailani ya girgiza kai. Rahim ya shafa gemunsa da ya fara furfura, ya yi ajiyar zuciya.

"Ka zo ranar Litinin," ya ce. "Kafaɗata ta gaji, ina neman wanda zai riƙe wa yara pad."

Shi ke nan, an yi masa ritaya a tsaye, ba kiɗa ba busa.

Yana zaune a bencin tashar Stratford, jakar kayan wasa a gefe ɗaya, kular tuwo a ɗaya gefen, jirage na zuwa suna wucewa bai shiga ba, sai wayarsa ta yi ƙara. Lambar Afrah ce, amma muryar Gwaggo ce. Ta ce suna cikin mota za su filin jirgi.

"An auna ka?"

Zailani ya dubi kular da ke gefensa. Gwaggo ta ci gaba.

"Tun ranar da muka sauka Afrah ta nuna mini hotonka a waya, ba riga, ka dunƙule hannu. Baiwar Allah, ita a ganinta abin alfahari ta nuna mini. Na tambaye ta yadda ake yi. Ta ce sai an auna mutum kamar ragon layya, in ya ɗara ba a barinsa ya shiga. Ka ɗara?"

"Na ɗara, Gwaggo."

"Alhamdu lillahi."

Ya ji numfashinta a wayar, da ƙarar mota. Haushi ya taso masa, haushin shekarunsa, da yunwarsa, da asubancinsa cikin sanyi, da aka tarwatsa da malmala biyu da man shanu. Ya buɗe baki, kuma a rayuwarsa bai taɓa kusa da gaya mata baƙar magana kamar lokacin ba. Ta riga shi.

"Ban yi maka faɗan alkawari ba, na tsufa da faɗa. Guda na ciyar a baki har Allah Ya karɓi abinsa. Ba ni da ƙarfin na biyu, Zailani."

Maganar da ke bakinsa ta koma. Ya ce Allah Ya kai su lafiya. Ta ce amin, ta ce ya gai da Karimatu, ya ce mata zancen ɗora tukunya na ɗazu wasa ne, ta san tana ƙoƙari. Ragowar tuwon kuma a ɗumama da safe kada ya lalace.

Ranar Asabar ya farka a lokacin da ya saba, jiki ya riga ya koya. Ya yi salla, ya kai hannu zai ɗauki takalmin gudu, sai ya tuna. Ya zauna a bakin gado. Baƙin ciki yana nan, bai je ko'ina ba, kuma ya san zai daɗe. Ba zai ga Bangkok ba sai a waya, kamar kowa. Amma ƙarƙashin baƙin cikin akwai wani abu da ya ji kunyar samunsa a ransa, sauƙi ne. Yau babu mai dukansa a kai.

Karimatu ta ɗumama tuwon ta kawo masa falo. Ba ta ce ai ta faɗa ba, ba ta kuma yi tambayar nan tata ba. Ummi ta fito da kayan barci ta zauna kusa da shi, ta leƙa kwanon, ta tambaya da Turanci ko yanzu an yarda Abba ya ci abinci.

"An yarda," ya ce da Hausa.

Ya gutsuro ƙaramar loma, ya mulmula ta, ya dangwala a miya ya miƙa mata a baki. Ta yatsina fuska don daddawar, amma ta haɗiye. Sannan ya ja kwanon gabansa, ya ce wa Karimatu ta miƙo masa man shanun.